Gezar Sarkin Faranka

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso mu saurara.

A ƙasar Faranka ta da can, Zaki ne sarki, kuma al'adarsu aska ba ta taɓa kan sarki. Duk ranar da aka aske gezarsa, ranar sarauta ta bar shi. Geza ta yi tsawo har ƙasa, ƙwarƙwata suka kafa gari a ciki, har da kasuwa. Ga shi sarki ba ya susa gaban jama'a.

Wazirinsa Dila ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gadon sarauta. Wata rana ya iske Zaki kwance bayan cin abinci, ya zaro aska ya fara aiki.

Zaki, ido a rufe, ya ce, "Waziri, ai ka tsallake bayan kunnen hagu."

Dila ya daskare. "Ranka ya daɗe, ka san sarauta nake sauke maka?"

"Na sani. Ci gaba, hannunka da laushi."

Dila ya aske tas, ya liƙa gezar a kansa da ƙaro, ya hau gado. Makaɗa ba su gama kirari ba, mazauna geza suka fito gaida sabon sarki.

Da yamma ya lallaɓa wurin Zaki a gindin bishiya, ya ce, "Baba, yaushe suke barci?"

"Ba sa yi, ranka ya daɗe. Sauke hannun, ana kallonka."

Zaki ya juya, iska na shafar ƙwaryar kansa, ya yi barcin da rabonsa da shi tun ranar naɗi.

Ƙurunƙus, kan ƙwarƙwata.