Gangunan da Ya Binne a Gindin Dutse

An yi wani mutum, direba a wani kamfanin maganin ƙwari. A idon jama'a mutumin kirki ne, sahun gaba ba ya wuce shi.

Wata shekara hukuma ta haramta wani magani, don dafinsa ba ya mutuwa, ko a ƙasa ko a jikin mutum. Aka loda masa ganga goma sha biyu na maganin don ya kai inda ake lalata su, tafiyar yini guda. Gogan naku ya ga nisa. Ya ratse bayan gari, gindin wani dutse mai tsaga, ya binne su. Ya ce, "Ƙasa ai ba abin da ba ta ci."

Ya 'yan uwa, wa ya gaya masa?

Bayan shekara ashirin gari ya faɗaɗa har ya kai dutsen. Mijin 'yarsa ya sayi fili a wurin, ya yi gini, ya haƙa rijiya. Ranar da tsohon ya je ganin gida, yana ɗaga kai sai ga dutse mai tsaga. Nan take ya gane wurin. 'Yar ta durƙusa da kofi, ta ce, "Baba, sha ka ji daɗin ruwanmu." Ya ce azumi yake.

Kalma ɗaya ta isa ta cece su. Amma ina zai sa fuskarsa? Ya ja bakinsa ya yi gum.

Shekara huɗu suna sha. Ciki biyu ya zube. Na uku ta haifi namiji, ɗan firit, kullum suna asibiti. Likita ya auna ruwan rijiyar, ya auna nonon uwar, ya ce dafin ya taru a jikinta, da shi take shayar da ɗan. Yaron bai cika shekara ba.

Wallahi nan ne zuciyata ke karyewa. Da aka dawo daga maƙabarta, ta riƙe ƙafar ubanta tana kuka. "Baba, da nonona na kashe shi. Allah ya isa tsakanina da wanda ya binne mana wannan abu!" Kowa ya ce amin. Tana kallonsa, shi ma ya ce amin.

Tun ranar hankalinsa ya gushe. Kullum yana gindin dutsen, yana tonon ƙasa da farce.

Ya 'yan uwa, dafin da ka binne don ka huta, wani zai sha, kuma ba kai ke zaɓen mai sha ba. Wanda ya san ya binne wani abu, ya faɗa yau, kunyar duniya mai sauƙi ce.

Allah ya kiyaye mu da cutar da bayinsa, ya kiyaye zuriyarmu daga abin da hannuwanmu suka aikata. Amin.