Motar da Aka Bari a Gumel

Sabon manajan wani kamfanin siminti, Alhaji Tukur, wanda bai taɓa zama gaban tirela ba, ya manna doka a bango: duk direban da motarsa ta dawo wayam, ko ta ɗauko kayan wani, a bakin aikinsa.

Aka tura wani direba, Mamuda, Gumel da siminti. Washegari sai ga shi ofis a ƙafa.

"Ina motar?"

"Tana Gumel, ranka ya daɗe. Kamfani ba shi da ko tsinke a can da zan ɗauko."

"To, na kore ka."

"Bisa wace doka? Ba ta dawo wayam ba, ba ta ɗauko na kowa ba. Sauran direbobin ma suna tafe, a motar haya."

Alhaji ya leƙa garejin, ya gan shi fayau. Da hannunsa ya yage takardar.