Mai Walda Da Jinin Shekara Ɗari

Akwai wani mai walda da aka turo wa saƙon murya a waya, wai masu rukunin jinin O sun fi kowa tsawon rai. Ya zaro katin asibitinsa ya duba, sai ga O ɓaro-ɓaro. Tun daga ranar kansa ya kumbura, jama'a suka shiga uku.

Duk wanda ya kawo gyaran ƙofa sai ya tambaye shi rukunin jininsa. Wanda ya fi shan wulaƙanci shi ne ƙaninsa, wani direba mai jinin A.

"Ka fara rubuta wasiyya," in ji mai walda a gaban mutane. "Ni zan raka ka makabarta, in dawo in ƙarasa wannan tagar."

"Yaya, rai a hannun Allah yake. Ka dai riƙa shan maganin hawan jininka."

"Kai da ke kan layi ne za ka koya min zaman duniya? Fita min daga shago!"

A gida ma haka. Matarsa ta ajiye masa ƙwayoyin kusa da ƙoƙon ruwa, ya kwashe ya watsa a kwata. In kansa ya sara sai ya ce hasken walda ne. Taurin kai irin nasa har haushi yake ba mutane.

Wata bakwai ana haka. Wata safiya yana liƙa ƙarfe, hannun dama ya saki, baki ya karkace. Ƙanin da ya kora ne ya ciccibe shi a mota sai asibiti.

Da ƙyar ya juya harshe ya ce, "Likita... jinina O ne."

"Na gani," in ji likitar, ko murmushi babu. "Awon hawan jininka ma na gani, ya haura ɗari biyu. Rukunin jini ba ya hana jijiya fashewa. Ina maganin da muka ba ka?"



Ya rayu, amma hannun bai sake riƙe ƙarfe ba. Kullum da safe ƙanin yake zuwa ya yi masa wanka, ya ɓalla masa maɓallan riga, bai taɓa tayar da maganar ba. Mai walda ya gwammace ƙanin ya zage shi ko sau ɗaya ne, amma har yau bai yi ba.

Darasi: Rukunin jininka ba takardar tsawon rai ba ce. Ka sha maganinka, ka kiyaye harshenka a kan 'yan'uwanka. Ku tura wa duk wanda ya mayar da saƙon waya likitansa.