Gyaran Muryar Kwaɗo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Ai ta zo. Mai tari ya gama tarinsa yanzu, ba na son a katse ni.

An yi wani Kwaɗo, ɗan amshi a wajen wata zabiya mai suna Tasalla. Ku daina dariya, a wancan zamani duk garin babu mai zaƙin muryarsa. Shekara tara suna amshi shi da Kurciya, kuma abu ɗaya yake so a duniya: wata rana shi ya ba da waƙa, wasu su amsa.

Ran nan Tasalla ta kira su, ta ce, "Ni dai muryata ta ƙare. Gobe da la'asar akwai bikin kalankuwa, kowannenku zai ja baiti a dandali. Wanda ya fi, na bar masa makaɗana. Ku je ku gyara murya."

Kwaɗo bai taɓa gyara murya ba, don bai taɓa buƙata ba. Kunya ta hana shi tambayar Tasalla, sai ya tambayi Kurciya, wadda suke neman abu ɗaya. Kun ji wayo.

Kurciya ta ce, "Haba Yaya Kwaɗo, gyaran murya fa. Irin wanda maigida ke yi a zaure kafin ya shiga gida. Sai dai na mawaƙa ba ya kasa ɗari uku."

Da safe Kwaɗo ya zauna a gindin tsamiya yana kakarin maƙogwaro, ehem, ehem, har ɗari uku. Ita kuwa tana kan reshe, baki a rufe, tana ɗan kuu, kuu ƙasa-ƙasa, tana kurɓar ruwan ɗumi da zuma.

Ya ce, "Ta gyaru?"

Ta ce, "Saura kaɗan. Yanzu ka hau sama. Inda zakara ke tsayawa, kai nan za ka fara."

Ya cika ciki da iska, ya ƙwala iya ƙarfinsa. Jijiyoyin wuya suka miƙe, idanu suka firfito, awakin unguwa suka tsinke igiya.

Ya ce, "Ta gyaru?"

Ta ce, "Saura kaɗan."

"Amma maƙogwarona kamar na haɗiyi barkono."

"Alamar aiki ke nan. Je ka randa ka sha mai sanyi, ka dawo ka sake daga farko."

Ya sha, ya sake. Ya sha, ya sake. Haka ya wuni.

Da la'asar dandali ya cika, kalangu ya ɗauka. Kurciya ta ja baitinta. Ba wata murya ce ta a zo a gani ba, amma ta fita lafiya ta sauka lafiya. Sai ga Kwaɗo da sabuwar riga. Ya buɗe baki.

"Kwaak."

Makaɗa suka dakata. Tasalla ta ce, "To, mun ji gyaran murya. Saura waƙar."

Ya sake buɗe baki. "Kwaak." Ya ƙara, ita ce dai.

Tausayi ya kama Tasalla, don ta san muryar da aka yi asara. Ta ce, "Ɗan nan, wa ya koya maka wannan? Murya lallaɓa ta ake yi, daga ƙasa, a hankali." Kurciya ta dubi sama kamar tana neman hadari. Ita aka ba makaɗa.

Baƙin ciki ya kori Kwaɗo daga gari, ya koma kududdufi. Wannan ƙarar da kuke ji da damina ba waƙa ba ce. Gyaran murya yake yi, har yanzu bai fara ba.

Saboda haka mai shirin waƙa ya tashi muryarsa a hankali, in ta yi zafi ya huta, kuma kada ya nemi shawarar wanda suke neman wuri ɗaya.

Ƙurunƙus, kan kwaɗo a bakin tafki.