Shirun Khalid a Filin Golf

Akwai wani saurayi a Gyaɗi-Gyaɗi, Khalid, mai kemis. Yaro ne mai kirki, amma fa akwai son a ce ya iya.

Yana neman auren Basira, kuma waliyyinta shi ne baffanta Alhaji Maje, wani tsohon ma'aikacin gwamnati a Tarauni. Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ya aiko cewa Khalid ya raka shi filin golf ranar Asabar.

Yayan Basira, Junaid, ya same shi a shago.

"Mutumina, bari in ɗan haska maka. Idan wani zai buga, a yi tsit. A girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, ba a taka hanyar ƙwallon wani. Babbar doka kuwa, idan ƙwallonka ya nufi mutane, ka ƙwala ihu ka ce 'Fo!' don su kare kansu."

Khalid ya yi dariya. "Ni in yi ihu a gaban suruki? Haba Yaya! Ai duk na kalla a waya, nawa ba zai kauce ba."

To fa!

Ranar Asabar gogan naka ya sha sabuwar riga da hular hana-salla. Ya ɗora ƙwallo a kan ti, ɗan tsinken da ake fara bugu a kai, ya zage ya maka masa sanda.

Ƙwallo ya kauce dama, ya doshi wata dattijuwa da ke wasanta can gefe, ta ba su baya.

Khalid ya gani sarai. Kalmar ta zo har bakinsa. Amma idan ya yi ihu, kowa zai waigo ya san shi ya yi shirme. Sai ya haɗiye ta.

Alhaji ne ya ƙwala "Fo!", amma kafin ihun ya isa, ƙwallo ya sauka a kafaɗar matar. Ta durƙushe tana salati.

Ashe wata tsohuwar nas ce, Hajiya Saude. Da ta samu numfashi, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗana, ai da ka yi magana da na duƙa."

Wallahi Khalid ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya kasa ɗaga kai.

A mota ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ban iya ba ne."

Alhaji ya ce, "Rashin iyawa ba laifi ba ne, ni ma nawa yana kaucewa. Amma ka ga cuta ta nufi mutum, ka rufe baki don kada a yi maka dariya. Idan ta nufi Basira fa?"

Da yamma Junaid ya kira shi, ya ce Baffa ya ce kada magabatansa su wahalar da kansu.

Darasi: Kunyar da za ta sa ka yi shiru wani ya cutu ba kunya ba ce, girman kai ne. Idan kuskurenka ya doshi wani, ɗaga murya tun bai same shi ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu "na iya".