Lu'ulu'un Rijiyar Hakimi

A'a, Ɗanjuma bai rantse ba, tsaya ki ji. Hakimi ne ya sayo lu'ulu'u wurin 'yan tawaye, fatake suka ƙi saye, wai doka ta hana kayan da aka zubar da jini a kansu. Sai ya kira Ɗanjuma mai haƙar rijiya.

"Gobe ka rantse a nan ka tono shi, ko ka bar garin."

"An gama, ranka ya daɗe. Amma kowa ya san rijiya ɗaya na haƙa bana, ta tsakar gidanka."

"To?"

"To, jibi duk gari zai iso da diga. Har ƙarƙashin gadonka sai an tona."

Hakimi ya daka masa tsawa: "Tashi ka ba ni wuri, shaƙiyyi!"

To, kin ji yadda aka yi. Bari in leƙa, baƙi na sallama.