Na-Rumbu da Hannun Kyallu

Dalilin da ya sa maciji ba ya cin abinci idan yana saɓa, shi zan gaya muku yau, tunda kun ishe ni da maganar macijin kawunku. Wai kun ajiye masa ƙwai ya ƙi ko kallonsa, idonsa ya yi fari kamar an ɗiga masa nono, kuna tsoron mutuwa zai yi. Ba mutuwa zai yi ba. Kai kuma angona, ajiye karan nan, in na ƙara ganin ka zura shi cikin gorar macijin nan, auren namu ya mutu. Ku matso ku zauna. Ni dai labarin nan ba na son ba da shi, don duk sanda na ba da shi sai na wuni jikina a sanyaye.

A zamanin da, maciji bai san wani ƙin cin abinci ba. Lokacin saɓa ma shi ne lokacin da yunwa ta fi cinsa. Tsohuwar fatar takan saki jikinsa, ta rufe masa ido ya daina gani, cikinsa kuma ya yi ta ƙugi. A lokacin mutane sukan ajiye maciji a gida saboda ɓeraye, ya zauna a ƙarƙashin rumbu yana gadin hatsi. Idan saɓa ta zo ya makance, sai masu gida su riƙa ciyar da shi. Amma fa daga nesa. A soke ɓera a bakin doguwar sanda, a tura masa, a ja da baya.

To akwai wata mata a wani ƙauye mai yawan itatuwan kaɗanya, sunanta Kyallu. Sana'arta man kaɗe. Ta tsinto ƙwara a daji, ta soya, ta daka, ta dafa, ta yaɗe man. Hannunta kullum ƙamshin man yake, ko ta wanke da toka ba ya fita. Mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa kuma babu wanda ya yi ƙwari. Daga ita sai ƙanenta Nomau, da zana ce kawai ta raba gidajensu.

Wata shekara gobara ta ci daji. Da wuta ta lafa Kyallu ta je duba itatuwanta, sai ta tarar da wani ɗan baƙin maciji a gindin kaɗanya, bai fi tsawon zira'i ba, wuta ta ƙone masa baya. Da wata ce, da dutse za ta ɗauka. Ita kuwa sai ta juye shi a ƙwarya ta kawo gida, ta riƙa shafa masa man kaɗe har ya warke. Ta sa masa suna Na-Rumbu, shi kuma yana ce mata Inna.

Nomau bai taɓa son abin ba. Yakan leƙo ta kan zana ya ce, “Yaya, ki ajiye kaza mana, ko tunkiya. Abin da dafi ke bakinsa shi kika mayar ɗa?”

Ita kuma ta ce, “Kai da ba dafi a bakinka, sau nawa ka ce mini sannu da aiki?”

Na-Rumbu ya girma ya zama ƙato, baƙi wuluk. Ɓera ko ɗaya bai ƙara kusantar dawarta ba. Idan saɓa ta zo, Kyallu ba ta yarda da doguwar sanda. Ta ce ita ba za ta miƙa wa ɗanta abinci kamar mai tura wa kare ba. Sai suka yi wata dabara tsakaninsu. Takan durƙusa a bakin rumbu ta fara miƙa hannun dama, ba komai a ciki. Shi kuma ya zaro harshe ya ji ƙamshin man kaɗe, ya san nan Inna take. Sannan ta miƙo ɓera da hannun hagu, riƙe da wutsiya. Inda ƙamshi yake ba ya taɓawa, inda warin ɓera yake nan yake kai sara. Haka suka yi shekara da shekaru, ko ƙwarzane bai taɓa yi mata ba. In ya gama saɓa ya fito da sabuwar fata tana ƙyalli, ƙofar ɗakinta yake fara zuwa ya miƙe, ita kuma ta tafa hannu ta ce, “Kai, wannan angon na wace ce?”

Sai aka yi shekarar fari. Ruwa ya ɗauke, dawa ta bushe a tsaye, kaɗanya ta ƙi 'ya'ya. Kyallu ta daina dafa mai. Abin da ya rage mata ɗan kaɗan ne a gindin kasko, shi take lakata ta shafa a hannu saboda Na-Rumbu. Rumbu ya zama wayam, ɓeraye ma suka gudu, don ɓera ba ya zama inda babu abin ci.

A cikin wannan hali saɓa ta zo wa Na-Rumbu, kuma ta zo masa da wuya. Ƙasa a bushe, iska a bushe, fatar ta manne a jikinsa ta ƙi saki. Ya yi ta goga jiki a duwatsun da aka ɗora rumbu a kai, har gefensa ya fara tsagewa. Ga yunwa, ga makanta. Kyallu tana jin nishinsa daga ɗaki.

Ta zo ta durƙusa ta ce, “Na-Rumbu, yaya jikin?”

Ya ce, “Inna, fatar nan ta shaƙe ni. Ji nake kamar an ɗaure ni da igiya. Cikina kuma kamar an kunna wuta.”

Tausayi ya kama ta. Ta shiga ta ɗauko kaskon nan, ta kwashe man da ya rage kaf, ta shafe shi da shi tun daga wutsiya har kai, har gefen bakinsa inda fatar ta fi kamewa. Ta suɗe kaskon da yatsa ta ƙara masa a wuya. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Allah ya saka, Inna.” Ta ce, “Saura cikin. Bari in nemo maka.”

Da sassafe ta ɗauki fartanya ta nufi tsohuwar gona. Ta yi ta tonon ramuka, wannan babu, wancan babu, rana ta take. Can ta dace da wani ramammen ɓera. Da ya zabura zai gudu sai ta yar da fartanya ta danne shi da hannu biyu, suka yi ta kokawa cikin ƙura har ta kama shi. Ta taho gida da sauri tana murna, ƙishirwa kamar ta kashe ta, amma ko randa ba ta kalla ba.

Yara, a nan kuskuren yake, kuma ba na ganin laifinta. Wanda ya daɗe yana yin abu, jikinsa ke yi, ba kansa ba. Ta durƙusa kamar kullum ta miƙa hannun dama. Ta manta hannun nan babu sauran mai a kansa, ta manta da shi ta danne ɓera. Na-Rumbu ya zaro harshe. Ko ina ƙamshin man kaɗe yake ji, a jikinsa, a ƙasa, a bakinsa, bai san ta ina Inna take ba. Wuri ɗaya ne kawai ya ji warin ɓera ya matso kusa da shi. Yunwa ta ingiza shi, ya kai sara.

Kyallu ba ta yi ihu ba. Ta cije leɓe ta janye hannunta.

Na-Rumbu ya tsaya cak. Ya ce, “Inna, me na sara? Ban ji gashi ba.”

Ta ce, “Ɓera ne mana. Ya suɓuce ne, ga shi nan gabanka. Ci abinka.”

Ta ajiye masa ɓeran. Ya laluba ya same shi, ya fara haɗiya. Ta tsaya har ta ga ya ci, sannan ta miƙe ta dafa bango ta shiga ɗaki, ta ƙwala wa Nomau kira.

Nomau ya shigo ya ga hannun ya kumbura har gwiwar hannu. Ya yi salati, ya ɗaure mata dantse da tsumma, ya aika a kira mai magani. Aka tsaga, aka shafa, aka ba ta saiwa ta tauna. Amma jikin da ya sha yunwa ba shi da ƙarfin faɗa da dafi. Da Nomau ya ga idonta ya fara lumshewa, sai ya zari gatari ya nufi ƙofa.

Ta ce, “Nomau, dawo.”

Ya ce, “Yaya, ki bar ni. Yau sai na raba kansa da jikinsa.”

Ta ce, “Bai gan ni ba. Ni na rufe masa hanci da hannuna. In kai ƙanena ne, ajiye gatarin nan. Ka ci gaba da ba shi abinci, kuma kada ka gaya masa sai idonsa ya buɗe. In ya ji yanzu, ba zai iya fita daga fatar nan ba.”

Nomau yana kuka ya ce ya yi alkawari. Kafin la'asar Kyallu ta cika.

Aka yi mata sutura aka kai ta bayan gari. Na-Rumbu yana ƙarƙashin rumbu, cikinsa a cike, barci ya ɗauke shi, bai san abin da ake ciki ba. Da ya farka sai ya ji an turo masa ƙadangare a bakin doguwar sanda. Ya ce, “Wane ne? Ina Inna?”

Nomau ya ce, “Ta yi tafiya.” Ya juya da sauri don kada muryarsa ta tona shi.

Man nan kuwa ya yi aiki. Fatar ta saki, Na-Rumbu ya zare jikinsa daga ciki, idonsa ya washe. Ya fito yana ƙyalli, bai taɓa yin kyau irin na ranar ba. Ya nufi ƙofar ɗakinta ya miƙe kamar yadda ya saba, yana jiran tafi. Shiru. Ya leƙa. Tabarma a naɗe, kasko a kife, murhu ya yi sanyi.

Nomau yana zaune a kan turmi yana kallonsa. Na-Rumbu ya ce, “Ba ta dawo ba?”

Nomau ya ce, “Ba za ta dawo ba. Ranar da ka ce ba ka ji gashi ba, hannunta ka sara.”

Na-Rumbu ya ce, “Ɓeran da na ci fa?”

“Ita ta ajiye maka, da hannun da ya rage.”

“Ina ci tana mutuwa ke nan.”



Na-Rumbu ya sa kansa a ƙasa gaban Nomau ya ce, “Ga gatari can.” Nomau ya girgiza kai ya ce, “Ta hana ni. Da ba ta hana ba, da tuni.” Sai ya tashi ya yi gaba, macijin yana binsa, har bayan gari. Ya nuna masa kabarin. Na-Rumbu ya kwanta a gefensa yana zaro harshe, yana neman ƙamshin man kaɗe, bai ji komai ba sai ƙasa.

Ruwa ya dawo, kaɗanya ta yi 'ya'ya, ɓeraye suka dawo rumbu. Na-Rumbu ya ci gaba da gadin dawar da Nomau ke zubawa, ba sa magana sai gaisuwa. Da wata saɓar ta zo, idonsa ya rufe, Nomau ya tuna alkawari. Ya samo ɓera mai ƙiba, ya zo ya tsaya da sandarsa. Sai ya ajiye sandar, ya durƙusa yadda yayarsa take yi.

Na-Rumbu ya ji motsinsa ya ja baya can ƙuryar duwatsu. Ya ce, “Tashi, Nomau. Mayar da shi.”

“Yunwa za ta kashe ka.”

“Ba za ta kashe ni ba. In ma ta kashe ni, ni kaɗai ta kashe. Bakin nan ba zai ƙara buɗuwa a kan abin da idona bai gani ba.”

Nomau ya bar masa ɓeran ya tafi. Ya dawo ya same shi yadda ya bar shi. Haka Na-Rumbu ya zauna da yunwarsa har fatar ta fita. Labari ya bazu cikin macizai, na gida da na daji, kowa ya ji yadda aka yi da Kyallu. Kunya ta kama su duka, suka ɗauki abin da Na-Rumbu ya ɗauka, suka koya wa 'ya'yansu.

Shi ya sa har yau idan idon maciji ya yi fari, sai ya nemi lungu ya ɓuya, ya kame bakinsa, ko me ka ajiye masa ba zai ci ba. In ka matsa masa ya huro maka, kora ce yake yi, don bai san hannun wa ke gabansa ba. Ku je ku ɗauke ƙwan nan, ku sa masa ruwa a kasko, ku rufe gorar ku bar shi. Ba ciwo yake yi ba, Kyallu yake tunawa.